Wanda Aka Ci da Yaƙi Zai Riga Ni Isowa

Ayacucho, Disamba 1824

Ya Baltazara, zumar da ke ɗiga daga bishiyar ƙofar gidanku, ruwan farko mai sauka a busasshen kogin Piura, hantsin garinmu da na manta ɗuminsa a kan waɗannan duwatsu masu cizon kunne!

Albishirinki, mun ci yaƙi. Sojojin Sarkin Sifaniya sun zubar da makamai, an ce Peru ta sami 'yancin kanta. Kowa na rawa, ni kaɗai na yi tagumi kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Kin tuna yammacin da kike saƙa malfa, ni da Fulgencio ɗan mai awaki muka zo sallama, shi zai bi Sarki, ni zan bi masu neman 'yanci? Ko kai ba ki ɗaga ba kika ce, "Ku matsa ku ba ni iska. Wanda ya fara dawowa shi ne mijina." Har dariya na yi, ya tauraruwata, don a wautata na zaci mai nasara ke fara komawa gida. Ashe manya sun sa hannu cewa duk wanda aka ci da yaƙi ya kama hanyar garinsu! Mu gwanaye kuwa gobe za mu ƙara nausawa kudu, inda aka ce sanyin ya fi na nan rashin kunya. Wane irin 'yanci ne wannan?

Ba zan ɓata Fulgencio a wurinki ba. Da safiyar yaƙin aka bar 'yan'uwa na ɓangarorin biyu su gaisa a tsakiyar fili, ya rungume ni ya ce, "Ɗan garinmu, ka rame fa. In ka mutu kada ka damu, zan riƙe ta da kyau." Kuma ya yi faɗa irin na maza, bai ja da baya ba sai da harsashi ya same shi a ƙafa. Cikin fursunoni na tsince shi. To, in bar mutum ya taka har garinmu Catacaos da ƙafa ɗaya? Na ba shi alfadarina. Da hannuna na ɗora shi, ni da kaina, wayyo ni! Sauƙin abin ɗaya ne: dabbar nan ba ta ganin rafi ta wuce ba ta kwanta ba.

Shi zai miƙa miki takardar nan, na kuma san ba zai yar ba. Na karanta masa ita, ban da wajen alfadarin. Ya ce zumar ta yi yawa.

Ya sanyin idona, ki ba shi abinci, ki gasa masa ƙafar, ya cancanta. Amma don Allah kada ki bi shi gaban limamin coci! Ki ce sai ya warke. In ya warke, ki ce yana ɗingishi.

In kuwa kin ce ke ba kya magana biyu, ba zan ga laifinki ba. Zan zo da nasarata in zauna a ƙofar gidanku, in yi ta kuka har mijinki ya fito ya ba ni haƙuri.

Naki, a sanyi ko a rana, har a rufe ni da ƙasa,
Melitón