Ƙofar Garken Baba

Toretam, watan Satumba

Zuwa ga ƙanena Jandos,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Aijan da yara, Ya sauƙaƙa muku zaman Koriya. Mu ma lafiya gwargwado. Maigidana Kuwanish yana nan yana fama da tsohuwar motarsa, raƙumar Baba ta haihu, nono ya wadata. Idon Baba ne dai sai addu'a. Likita ya ce na hagu ya riga ya tafi, na dama ma da wuya ya kai ƙarshen sanyin bana.

Maganar zuwa gidan tarihin kumbo ce ta sa na ɗauki biro, tunda in na kira waya kullum kana bakin aiki. Ka san Baba bai damu da rigunan 'yan sama jannati ba, rokoki kuwa tun yana saurayi suke tashi ta kansa suna razana masa tumaki. Abu ɗaya yake son gani, guntun rokar nan da ya tsinto a daji ya yi ƙofar garke da shi, wanda marigayiya Inna take tsayar da mu a jikinsa duk bazara ta zana tsawonmu da ƙusa. Kai ka kawo mutanen gidan tarihin kana ɗalibi, ka yi ta zuba cewa wannan ya fi ƙarfin tumaki. Baba ya ba su saboda kai, ya toshe garken da tsohon gado.

Ka ce za ka zo a watan jiya. Na yi ta sintiri har na samo mana izinin shiga garin masu roka inda gidan tarihin yake, na soya fankenmu na baursak cike da kwano, na dafa nama. Baba ya sa kwat ɗinsa tun da sassafe ya zauna a bakin ƙofa. Da saƙonka ya iso cewa sai wani jiƙon, na ce ya tashi ni da Kuwanish mu kai shi. Ya ce a'a, auta ne magajin murhun gida, shi zai riƙe masa hannu. Wai 'ya mace baƙuwa ce a gidan ubanta, kuma ba a wahalar da baƙo. Baƙuwar da take yanke masa farce, take ɗiga masa magani safe da yamma. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Maganar ta yi mini ciwo, Jandos, har yau ban huce ba.

Don kada izinin ya tafi a banza, na je ni kaɗai. Ƙofarmu tana nan, an goge ta tas, an kafa ta a bango, an kewaye da igiya. Sai dai gefen da ya ƙone, mai lambobi, shi suka juyo wa jama'a. Zanen Inna yana kallon bango. Na roƙi matar da ke tsaron ɗakin, ta ce ita ma uwa ce, amma abin a ɗaure yake, kuma ko taɓawa ba a yi.

Ban gaya wa Baba ba. Ya sa an sake goge masa kwat, kullum sai ya tambaya ko ka sa rana. Ka zo kafin ƙanƙara ta rufe hanya, ni zan sake neman izinin. Daga bayan igiyar nan ba abin da zai gani sai dishi-dishi. Ka riƙe hannunsa ka tsayar da shi gaban ƙarfen, ka ce masa ga zanen nan raɗau, ga na auta, ga na Saltanat, kamar jiya Inna ta yi su. Ni in na faɗa zai gane a muryata. Kai kuwa shekara da shekaru kana ce masa kana nan tafe, bai taɓa ƙin yarda ba.

Ka gaida Aijan, ka shafa mini kan Miras da Inju. Kuwanish da Goggo Balkiya suna gaishe ka. Baba ya ce in gaya maka kada ka damu, ya san aiki ne.

Ni ce yayarka,
Saltanat