An Samu Efraín Tzoc a Kabari Ɗaya da Mutanen da Aka Ce Ya Sayar

Cikin alhini, tare da wata ajiyar zuciya da ba za mu ɓoye ba, Ƙungiyar Masu Ɗaukar Hoton Jarida 'Yan Guatemala da ke Gudun Hijira ta samu tabbacin rasuwar ɗan'uwanmu kuma abokin aikinmu, Don Efraín Tzoc Barrios, wanda masu binciken kaburburan yaƙi suka tono ƙasusuwansa makon jiya a ramin da aka zuba mutanen ƙauyen Santa Rita Chajil. An gane shi ne da igiyar rataye kyamara wadda mahaifiyarsa ta saƙa masa da jan zare. Ni mai sa hannu a wannan takarda, shekara goma sha huɗu ke nan rabona da gida, kuma a watan da na tsallaka iyaka, a watan Efraín ya ɓata.

Marigayin ya shekara tara yana hawa duwatsu da ƙafa, yana kwana a rumbunan masara, yana kawo wa jaridun babban birni abin da da yawansu ba su da ƙarfin halin bugawa. Yana da doka guda da bai taɓa karyawa ba: ba ya ɗaukar fuskar mai rai. Hannu, ƙafa, bayan mace da goyo, tukunyar wake a kan murhun gidan da aka ƙone, su ne aikinsa. Editoci kan yi masa ba'a su ce, "Compadre, abokinmu, yau ma ƙafafu ka kawo mana? Shagon takalma muka buɗe?" Shi kuwa sai ya ce, "Ƙafa ba ta da suna, maigida. Ba a zuwa da hoton ƙafa a ƙwanƙwasa wa mutum ƙofa."

Wannan mutumin ne aka yi wa ƙazafi. Da masu bindiga suka afka wa Santa Rita kwanaki kaɗan bayan isarsa, kuma ba a sake jin ɗuriyarsa ba, sai aka ce hotunansa ne suka tona asirin ƙauyen, an biya shi, yana can birnin Miami na Amurka yana shan iska. Ba mu ga laifin waɗanda suka tsira daga ƙauyen ba, wanda aka kashe wa 'ya'ya dole ya nemi inda zai ajiye zarginsa. Amma akwai waɗanda suka ci abinci da shi, suka wanke hotuna da shi a ɗaki ɗaya, suka san dokarsa sarai, suka kuma ja bakinsu suka yi shiru. Biyu daga cikinsu sun kira mu sun ba da haƙuri, mun karɓa. Sauran sun san kansu.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga mahaifiyarsa mai daraja, Doña Candelaria Barrios, da mai ɗakinsa, Doña Herminia, da 'yarsu, malama Zoila, da ɗaukacin iyalan Santa Rita. Duk tsawon shekarun nan Doña Candelaria ta ƙi yi masa addu'ar kwana tara, ta ƙi kunna masa kyandir ranar mamata, tana cewa ba a yi wa wanda ba a ga gawarsa ba. Da na kira ta na faɗa mata inda aka same shi, sai ta ce, "To, ɗana, ashe yana tare da su. Bari in dafa kofi in kira maƙwabta." Ubangiji ya ji ƙansa, ya ba su juriya, ya ba mu ikon komawa mu tsaya a kan kabarinsa.

Ga abin da na iya tsallakowa da shi daga aikinsa, wanda za a damƙa wa iyalinsa: akwati biyu na fim, hotuna ɗari uku da goma sha ɗaya, babu fuskar mai rai ko guda a ciki. Sai hoto ɗaya da ni na ɗauke shi yana dariya. Shi na aika wa Doña Candelaria ta jingina kusa da kyandir.

Rutilio Cabrera Ixcoy
Mai Magana da Yawun Ƙungiya
Birnin Mexico, Oktoba 1997