Fim ɗin Munira a Kwamfutar Maina

Gueskérou

Munira 'yata,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, tattasai ya fara ja.

Mun ga fim ɗinki na manoman bakin kogin Komadugu! Kin san rezo na intanet ba ya kai mana, to Maina mai cajin waya ya sauko da shi a Diffa, yana tura wa kowa. Tun ranar nake tafiya a kasuwa kamar ni ne prefe mai mulkin yankin nan. Allah ya yi miki albarka.

Babanki Grema

Yamai

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi. Na yi murna, na kuma yi kuka. Abin da Maina ya yi sata ce. Bai tsaya ga wayoyinku ba, har intanet ya sa shi kyauta. Shekara biyu ina rubuta labarin nan, yanzu masu shirin sun ce in aka ci gaba haka, ba za a yi kashi na biyu ba. Mun kai ƙara, doka ta ba mai aiki haƙƙinsa. Ka yi mini haƙuri, ba zan janye ba.

'Yarka Munira

Gueskérou

Munira,

Bayan gaisuwa, jandarma sun ɗauke kwamfutar Maina, ita kaɗai ya tsira da ita ranar da aka ƙone musu gari. Na je in ba shi haƙuri, raina a ɓace da ke. Sai na tambaye shi me ya sa ban ga sunanki a fim ɗin ba. Ya sunkuyar da kai. Ashe yanke sunayenku ya yi, ya sa lambar wayarsa! A gaban jama'a na ce masa, "Maina, 'yata ce ta rubuta, ba kai ba."

Ba na roƙa masa komai. Amma labarinmu ne, Munira. Mu da aka yi shi a kanmu, ta ina za mu gan shi?

Babanki

Yamai

Baba,

Ina gaisuwa. Da na karanta tambayarka, sai na je na samo takardar izinin nuna fim ɗin a garinmu. Asabar ina tafe da majigi. Za a mayar wa Maina kwamfutarsa in ya cire fim ɗin daga intanet.

Ka ce masa ya share fili. Shi zai kunna, kuma ba zai kashe ba sai sunan ƙarshe ya wuce.

Munira Grema