Ƙunshi Ɗaya Ga Yayata, Ga Kakata, Ga Akuya

Zuwa ga Malam Muhtasibi, mai duba kasuwar birnin Sakkwato. Gaisuwa da ban girma, Allah shi ƙara ma nasara.

Ni ce Hadiza ta Ƙofar Dundaye, wadda unguwa ke kira uwar tsokana. Karatuna bai wuce allo ba, a yi haƙuri da rubutun. Ƙarata a kan mai maganin nan ce da ke shimfiɗa buzu gindin tsamiya, wanda mata ke kira Na-Tsamiya.

Na farko. Yayata Asabe damina biyu ke nan tana fama da ciwon sanyi. Ruwa mai wari ba ya ɗauke mata, mara na murɗa, zazzaɓi na zuwa shina komawa. A bayan rumbu take shanya zanenta don kunya. Ta bar zuwa karatun mata don ba ta aminta da alwalarta ba. A watan Rajab ta yi ɓari. Wanga gwani bai taɓa tambayar launin ruwan ba, balle kwanakinsa. Tsohuwa muke aikawa ta ce "ciwon mata", shi ko ya miƙo ƙunshi. Wai iska ta tsallake a bakin kwata!

Na biyu. Garin da ya ce a yi matsi da shi kanwa ce da toka. Kwana uku Yaya ba ta zauna a tabarma ba. Da anka faɗa mishi, sai ya ce ciwon ne ke fita.

Na uku, kuma nan na amsa sunana. Na aika mata biyu rana guda. Ɗaya ta kai kukan haƙorin kakata, wadda rabonta da haƙori tun ban san kaina ba. Ɗaya ta kai kukan wata baiwar Allah mai zawo, ba ta dai ce akuyarmu ce ba. Ƙunshin da sunka kawo shi ne na Yaya, har ɗaurin. Akuya ta shinshina ta kau da kai. Ta fi mu wayo.

Abin da ya fi ci mini rai, wata ungozoma daga Kwalkwalawa ta duba Yaya da idonta. Ta lura duk sanda mijin ya dawo fatauci, ciwon sai ya taso sabo. Ta ce sai an yi wa su biyu magani tare, su kuma ƙaurace wa shimfiɗa har a warke. Na-Tsamiya ya ji, ya yi gum, don maigidan na kawo mishi goron Gwanja. Yanzu mijin ya ce in ba ta warke ba kafin azumi, ta koma ɗakin Inno mahaifiyarmu, shi ba ya zama da ƙazama.

Roƙona, Malam, a zazzage burgamin Na-Tsamiya a gaban jama'a. A hana shi ba da maganin matar da ba a tambayi ciwonta ba, a bar wa ungozomomi masu shiga gida. A kira mijin Yaya a faɗa mishi gaskiya, daga bakinka zai ji. In an sake ta ba a duba shi ba, wadda za a kawo ɗakin nan ita ma ɗiyar wani ce.

Allah shi tsare ka, shi ba iyalinka lafiya.

Wassalam.
Hadiza, ƙanwar Asabe.