Sa Hannun Hagu

Lhotka, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga maigidana Lubomir,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata jiki yana sauƙi, kana cin abinci, kana kuma samun barci. Ni ƙalau nake, kaji ma ƙalau, kyanwa kuwa ta mamaye kujerarka sai ka ce ita ta saya. Tunda ka hana a miƙa maka waya saboda harshenka ya yi nauyi, to ga takarda. Ciwon ya shanye maka ɓarin dama ne, bai taɓa idonka ba, don haka sai ka karanta.

Kamfanin wuta ya aiko mana wasiƙa. Daga wata mai zuwa, kuɗin da suke zara daga asusunmu kowane wata zai tashi daga koruna dubu ɗaya da ɗari tara zuwa dubu huɗu da ɗari uku. Ba su tambayi kowa ba, sanarwa ce kawai, har da godiya a ƙasa don rainin hankali. Wai wutar da muka sha bara suka duba. Ai na san baran! Hitar da ka kunna wa tumatir da tattasai a ɗakin gilas tun daga Fabrairu har Afrilu, suna shan ɗumi ni ina yawo da riguna uku a cikin gida. To bana babu kai, babu hita. Ni kaɗai ce da firiji da fitilar kicin. Kowace Lahadi ina duba mita yadda kake yi, ina rubutawa a bayan kalanda, ko sulusin na bara ban sha ba.

Na buga musu waya. Minti arba'in suna saka mini kiɗa kafin wani ya ɗauka, ya ce, "Uwargida, sunanki ba ya kan yarjejeniyar, sai mai sunan." Na ce masa, "Mai sunan yana asibiti. Shekara arba'in da ɗaya ni ke wanke masa safa, yau kuma ban isa in yi maganar wutarsa ba?" Ko a jikinsa. Ya ce sai ka ba ni takardar wakilci da sa hannunka.

Ga ta nan a cikin ambulan. Ilona, nas ɗin ɗakinku, ta faɗa mini ba ka taɓa biro, ba ka matsa ƙwallon motsa hannu da suka ba ka, sai dai ka juya wa kowa baya ka kalli bango. Hannun dama ya tafi hutu, na sani. Amma hannu biyu Allah ya ba ka, Baban Radim.

Taka har kullum,
Jarmila

Lhotka, 14 ga Disamba

Maigidana,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ƙafar, yaya tarin da Ilona ta ce kana yi? Na so in zo maka Kirsimeti da kifi da kwaɗon dankali, sai aka ce an hana ziyara saboda mura ta yi yawa a asibitin. Raina ya sosu ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba.

Ambulan ɗinka ya iso. Na buɗe, na tarar da takardar fara fat yadda na aika ta. Na gode. Ga wata nan, kuma na sayo goma, kada ka yi zaton za su ƙare.

Na je banki na sa wa kamfanin iyaka, ko sisi kada a ba su sama da dubu ɗaya da ɗari tara. Da suka zo zara, abin ya ƙi. Sai ga wasiƙa mai jan rubutu: in ba a daidaita ba zuwa ƙarshen Janairu, za su fara shirin yanke wuta. Na manna ta a jikin firiji, wanda wutarsu ke sanyaya shi.

Ɗanka Radim ya zo daga Brno ranar Asabar. Yana ganin jan rubutu ya zaro waya zai biya. Ya ce, "Mama, ki bar Baba ya huta mana. Ba zai ƙara shiga ɗakin gilas ba, kowa ya sani. A sayar da gidan nan ki dawo wurinmu." Na ce masa ya mayar da wayar aljihu kafin in jefa ta cikin miya. Ya tafi yana fushi, amma bai manta da tulun zumarmu ba.

Maƙwabciyarmu Božena kuwa dariya ta yi ta yi ta kan katanga. Ta ce, "Ke Jarmila, wa za ki yi wa fuska biyu? Duk garin nan wa bai san ke kike sa wa Lubomir hannu ba tun kina amarya? Zana masa mana, a wuce wurin!" Gaskiya ta faɗa. Takardun makarantar Radim, rasidin gidan waya, takardar inshorar mota, duk ni ce, don kullum kana aiki ko hannunka duk ƙasa. Na iya sa hannunka fiye da kai, ido rufe ma zan yi shi.

Amma wannan ba zan yi ba. In na zana sunanka a kan takardar nan, to na yarda da Radim ke nan cewa ka gama. Gara a yanke wutar in zauna da kyandir. Ina jin tsoro, Lubomir, ba na duhu ba. Tsoron bangon nan da ka zuba wa ido nake yi.

Matarka mai taurin kai,
Jarmila

Lhotka, 11 ga Janairu

Tsohona,

Barka da sabuwar shekara. Ina fata kana samun ƙarfi, kuma sanyin tsaunin da asibitinku yake kai bai dame ka ba. Nan dusar ƙanƙara ta kai gwiwa, kaji sun yi yajin ƙwai.

Sa hannunka ya iso! Na zauna a bakin ƙofa da rigar sanyi a jikina ina kallonsa. Sai ka ce kaza ta taka tawada ta bi ta kan takardar, harafin farko ya faɗi, na ƙarshe ya hau sama. Ban taɓa ganin rubutu mai muni haka ba, kuma na yi kuka har kyanwa ta bar ɗakin. Ilona ta ce kwana tara ka yi kana gwadawa da hagu, ka cika kwandon shara da takardu.

Washegari na hau motar safe zuwa ofishin kamfanin wuta da ke garin Prostějov. Wata budurwa mai suna Nikola ce a teburin. Ta dubi takardar, ta dubi kwamfutarta, ta ce, "Ki yi haƙuri, uwargida, wannan ba hannunsa ba ne." Na ce, "A ina kika san hannunsa?" Sai ta juyo mini da allon, ta nuna mini yarjejeniyar da aka yi shekara ashirin da takwas da suka wuce. Lubomir, rubutuna ne! Ka tuna lokacin kana kwana a masana'antar sukari, lokacin girbin gwozar da ake yin sukari da ita, ni na sa maka hannu. Na gaskiyar sun ƙi, na jabun shi ne abin dogaronsu.

Dariya ta kama ni har na riƙe tebur, yarinyar ta kawo mini ruwa. Da na so, da na fita baranda na yi minti ɗaya na dawo mata da abin da take nema, ga biro a jakata, ga sauran takardun wakilcin da na sayo. Na ji hannuna yana ƙaiƙayi, ba zan yi maka ƙarya ba. Na naɗe takardarka na mayar ƙirjina.

Ta ce hanya ɗaya ce ta rage. Ka je gidan waya da katin shaidarka, ka sa hannu a gaban ma'aikaci, ya buga hatimi, shi ke nan babu mai musu. Na tambayi Ilona. Gidan waya yana nan gangaren asibitinku kusa da kantin magani, taku ɗari uku daga ƙofa, kuma suna share hanyar kowace safiya. Ta ce za ta iya tura ka a keken marasa lafiya. Na ce mata a'a, a ba ka sandar nan mai ƙafa huɗu.

Saura kwana ashirin. Na sayi kyandir fakiti biyu, ko da za ka ba ni kunya.

Taka,
Jarmila

Lhotka, 6 ga Fabrairu

Masoyina Lubomir,

Ina gaishe ka gaisuwar da ta fi ta kullum. Yaya gajiyar tafiya? Ilona ta ba ni labari tiryan-tiryan: minti hamsin kafin ka kai, sau uku kana tsayawa, kuma kalmar farko da ta fita bakinka sarai tun watan Satumba ashar ce ka ɗura wa kamfanin wuta. Ta ce har ma'aikacin gidan waya ya sunkuyar da kai. Na yafe maka wannan.

Takardar ta iso ranar ashirin da tara, da hatiminta ja. Na koma wurin Nikola da ita da kalandata. Ta duba lambobin Lahadi ɗaya bayan ɗaya, ta danna, ta danna, ta ce an janye wasiƙar yankewa, kuma kuɗin wata ya sauko zuwa dubu ɗaya da ɗari huɗu. Ƙasa da na da ma. Ta yi murmushi tana jira in yi godiya.

Na ce mata, "A'a, 'yata, sa dubu biyu da ɗari takwas." Ta saki baki. Ta ce, "Uwargida, wata uku kina faɗa a rage miki!" Na ce, "Na yi faɗa ne don kun ƙara ba ku tambaye ni ba. Yanzu ni ke ƙarawa. Maigidan zai dawo, za a kunna hita." Ta rubuta, ni kuma na sa hannu, da sunana, karo na farko a ofishin nan.

Likita ya ce ranar ashirin ga wata za a sallame ka. Radim zai ɗauko ka, kuma bai sake ta da maganar sayar da gida ba. Božena ta ce a ajiye mata tushen tattasai goma, na ce ta bi layi. Kyandir ɗin na ba coci.

Na wanke gilasan ɗakin, na tankaɗe ƙasa, na jera kwanonin shuka a kan benci mai tsayi don kada ka sunkuya. Iri yana cikin gwangwaninka, ban buɗe ba, don ka sha faɗa cewa hannuna yana zuba shi da yawa. Hitar ma na goge ta, amma ban kunna ba, kuma ba zan kunna ba. Jiya na tsaya na duba da kyau, abin da shekara da shekaru ban lura da shi ba: makunninta yana hagun ƙofa.

Sai ka zo. Allah ya kawo mini kai lafiya.

Matarka,
Jarmila