Ɗaki Biyu a Kwamfutar Uwar Ndirangu

Litinin, 3 ga Maris

Na yi takwara. Jiya da hantsi matar ɗana Ndirangu ta sauka a Mombasa, namiji, kuma tunda shi ne na fari, sunana zai ci bisa al'adarmu, ba sai an tambayi kowa ba. Gathogo. Yanzu mu biyu ne. Na faɗa wa mai karɓar madara, na faɗa wa direban matatu, motar hayar nan, da ban ma shiga motarsa ba, na faɗa wa saniya. Na zauna, na tashi, na sake share tsakar gidan da na riga na share.

Laraba, 5 ga Maris

Uwar Ndirangu ta tafi yau, za ta yi wata guda wajen mai jego. Ta tafi da babbar waya, ta bar ni da ƙaramar mai madannai. Ni ba halin tafiya. Saniya ta kusa haihuwa, gwiwata kuma ba ta shiri da doguwar mota.

A bakin titin garin Karatina ta jero mini umarni: gishirin saniya, maganin gwiwa, sannan kwamfuta. In kunna, in danna koren hoton nan in kira su, in kashe, in rufa mata zanenta. Ban da haka kada in taɓa komai, kada kuma in bar kowa ya taɓa, musamman abokina Kibuchi. Na yi alkawari. Na san dalilinta. Waƙoƙin ƙungiyarsu ta coci suna ciki, har da waɗanda yayarta Wamuyu ta ja baki kafin ta rasu, kuma babu su a wani wuri. Tun da wani mai gyara ya share mata waya kaf, ba ta ƙara yarda da hannun kowa ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Yau na zauna a kujerarta. Tun da Ndirangu ya kawo na'urar nan, ita ke zama a kujera tana dannawa, ni ina kan benci a gefe ina leƙe. Ita ta yi makaranta tun tana yarinya. Ni sai da furfura ta fara fito mini na riƙe fensir, a makarantar yamma ta manya, kuma har yau in na ga madannai da yawa sai in ji kamar ba da ni ake ba.

Kafin kwamfutar ta farka shayina ya huce. Na kira. Hoto ya fito ya sandare: wani abu ja-ja a cikin tawul, kamar dankali. Murya tana zuwa tana yankewa. Ndirangu ya ce, "Baba, ka gan shi?" Na ce na gani.

Ban gani ba.

Asabar, 8 ga Maris

Kibuchi ya zo barka. Benci ɗaya muka zauna da shi a makarantar yamma, shi ya sa ba ya jin kunyata. Tun daga ƙofa ya ce ina kakan dankali.

Yanzu ya shiga wata ƙungiya da ke haɗuwa ran Asabar a ɗakin karatu na gari, masu tayar da tsofaffin kwamfutoci. Ya ce na'urarmu lafiyarta ƙalau, tsarin da ke tafiyar da ita ne ya yi mata nauyi, kamar an ɗora wa tsohon jaki buhu uku. Akwai wani tsarin mara nauyi, wai shi Linux, kuma kyauta ne. Na ce kyauta a zamanin nan? Wa ke biya? Ya ce mutane ne a ƙasashe daban-daban, kowa ya kawo abin da ya iya, yadda muka yi harambee, wato gayya, muka gina makarantar yamma, wannan ya kawo kwano, wancan ya kawo ƙusa. Kuma ba sai an rushe tsohon ba. Bango ake ja a tsakiya, ɗaki ɗaya ya zama biyu. In ka kunna, ta tambaye ka wanne za ka shiga.

Na ce na yi alkawari. Ya ce, "To zauna. In yaron ya fara aski sai a aiko maka da hoto."

Lahadi, 9 ga Maris

An ce jaririn kunnena ya ɗauko. Kowa ya ga kunnen sai mai kunnen.

Talata, 11 ga Maris

Na sake kira, dankali dai. Na zagaya gonar kofi ba abin da na je yi. Na dawo na ɗaga zanen, na mayar.

Cewa ta yi kada in bar kowa ya taɓa. In da hannuna na yi, Kibuchi yana gefe kawai... Na san wannan dabarar yara ce. Amma jariri ba ya jira. Fuskar wannan makon ba ita ce ta makon gobe ba.

Gwaji ne kawai. Kafin ta dawo in goge.

Alhamis, 13 ga Maris

An yi.

Kibuchi ya zo da filas biyu, ƙananan abubuwan nan da ake soka wa kwamfuta a kwafe bayanai. Ya ce ƙa'idar ƙungiyarsu, kafin a ja bango sai an fitar da tukwane waje, don haka muka fara kwafe waƙoƙin nan duka a ɗaya filas ɗin. Na sa shi a aljihun riga, ina ta taɓawa.

Sai muka zo wurin da ake zaɓi. Layi uku a allo. Kibuchi ya manta tabaraunsa a gida, amma bakinsa bai manta ba, yana ta cewa danna, danna, duk ɗaya ne. Na ce ya bari. Na ɗora yatsa a ƙarƙashin kalmomin, ɗaya bayan ɗaya, yadda malamarmu ta koya mana. Wani layin cewa yake a share komai a zuba sabo. Wani cewa yake a zauna da shi kusa da tsohon. Na karanta, na sake karantawa, har ya ce in ina son dutsen allo ya kawo mini. Na danna na zama kusa da tsohon.

Kwamfutar ta tambayi sunan mai ɗakin. Na rubuta Gathogo. Ban san wanne daga cikinmu nake nufi ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Da safe, kafin in tatsi madara ma, na kunna. Baƙin allo, layi biyu: sabo a sama, nata a ƙasa. Nata na shiga. Ya yi nawarsa yadda ya saba, ban taɓa jin daɗin nawar nan ba sai yau. Komai na nan. Na kunna Wamuyu ta yi baiti ɗaya, na kashe.

Abu ɗaya: agogon ɓangarenta ya koma baya da awa uku. Na gyara. Na leƙa sabon, na dawo, ya sake komawa. Kamar mai kai ƙara.

Sabon kuwa, kafin in gyara zama ya buɗe. Fili fetal, ba kayan kowa. Na daɗe ina yawo a ciki, ina buɗe wannan ina rufe wancan, ba wanda zai ce na ɓata masa. Githerin da na ɗora, dahuwar masara da wake, ya kama.

Asabar, 15 ga Maris

Na naɗe na'urar a zanenta na kai ɗakin karatu. Ashe rabinsu masu furfura ne. Wata Malama Wothaya, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, ta ce agogon ba ciwo ba ne. Agogo ɗaya ne a cikin na'urar, kowane ɗaki da yadda yake karanta shi, kuma akwai gyaransa in na shirya koyo. Ta nuna mini inda ake kiran bidiyo a sabon, amma ba ta taɓa madannan ba, ta naɗe hannu ta ce ni zan yi. Muka gwada da wayarta. Na ga fuskarta a allo tas, har da ɗigon da ke gefen hancinta. Na tambayi abin da zan biya, suka yi dariya, suka ce mako mai zuwa in zo da rake.

Gobe bayan coci zan ga takwarana. Na ciro rigar da zan sa.

Lahadi, 16 ga Maris

Na sa rigar. Na zauna. Yatsana na kan linzamin kwamfutar sai abin ya faɗo mini.

Uwar Ndirangu ta san na'urar nan kamar tukunyarta. Ta san ba ta taɓa nuna fuskar mutum tas ba. In na gan su sarai, su ma za su gan ni sarai. Ba sai agogo ya kai ƙara ba, fuskata ce za ta kai.

Na rufa zanen. Na cire rigar.

Talata, 18 ga Maris

Ta kira a ƙaramar waya, wai me ya sa na daina kiransu. Na ce hanyar sadarwa ce. Ta ce hm. Shekarun da muka yi tare sun isa in san nauyin wannan hm ɗin. A bayanta na ji takwarana yana kuka, murya ƙatuwa, irin ta gidanmu.

Ba na iya zama. Na gyara shingen da bai karye ba.

Alhamis, 20 ga Maris

Saniya ta haihu, mace. Ruwan farko ya sauka. Ya kamata in yi murna, kuma na yi, amma rabi.

Kibuchi ya fake a rumfarmu, na faɗa masa. Ya yi dariya har da tari. Ya ce bai taɓa ganin wanda ya gina ɗaki yake kwana a waje ba sai ni. Ya ce in rufe idon kamarar da ɗan mai, hoton ya yi dishi-dishi, ita ba za ta gane ba, ni kuma in gan su. Na ɗan yi tunanin haka, kada in ɓoye wa littafin nan. Amma a ce ranar farko da takwarana zai ga kakansa, ta cikin man girki zai gan shi? A'a.

Asabar, 22 ga Maris

Na kira da la'asar. Ban sa rigar ba, kada in sake cirewa.

Ita ta ɗauka. Ta fito a allo kamar tana ƙofar kicin, da ɗankwalinta shuɗi, har na ga ta ɗan rame. Ta dube ni. Ta daɗe tana dubana. Ta ce rabona da aski yaushe. Na ce na kwana biyu. Ta ce ai ga shi tana ƙirga gashin gemuna ɗaya-ɗaya.



"Baban Ndirangu, waƙoƙina?"

Na ce suna nan a ɗakinta, ba abin da ya motsa. Na ciro filas daga aljihu na nuna mata, na ce ga su nan kuma, yanzu wuri biyu suke. Ta ce wane ɗaki. Na yi bayani, bango, layi biyu, harambee, na haɗa da agogon tun ba ta tambaya ba. Ta ce hannun wa. Na ce nawa. Ta ce Kibuchi fa. Na ce yana gefe, ba tabarau.

"Kai ka karanta abin da ke allon?"

"Ni na karanta."

Ta ajiye wayar, na ga rufin ɗaki da fanka tana juyawa. Na ce a raina shi ke nan, ta yi fushi, kuma da gaskiyarta. Sai allon ya motsa, ga jaririn.

Kunnuwana ne, ba ƙarya. Sun buɗe kamar murfin tukunya, Allah sarki. Ya yi hamma, na ga dasashinsa. Ya dunƙule hannu ya kai wa iska naushi. Na ce, "Takwara, ni ne." Ban san me na ƙara cewa ba. Na ji ta tana gaya masa, "Ga kakanka, wanda ba ya jin magana."

Da za mu rabu ta ce maganar ba ta ƙare ba, sai ta dawo. Na ce kafin ta dawo zan goge shi. Ta ce ita ta ce in goge? Kada in ƙara taɓa komai. In kira gobe.

Talata, 25 ga Maris

Kullum da la'asar yanzu. Yau ya yi atishawa sau biyu.

Asabar, 12 ga Afrilu

Uwar Ndirangu ta dawo tun Talata. Kafin ta kwance kaya ta ɗaga zanen, ta zaɓi layin ƙasa da kanta, ta saurari Wamuyu daga farko har ƙarshe. Na tsaya a waje wajen 'yar maraƙa. Da ta fito ta karɓi filas ɗin ta sa a gwangwanin da take ajiye katin aurenmu. Ta ce ɗakina yana satar wa nata awa uku, in san yadda zan yi da shi. Yau na kai rake, Malama Wothaya ta nuna mini, na gyara da hannuna.

Batun gogewa ba ta tayar ba. Ni ma ban tayar ba. Ba gaggawa.

Ɗazu da la'asar na shigo daga tatsa, na tarar ta kawo shayi kofi biyu, ta zauna a kan benci. Kujera ba kowa. Ta ce me nake jira, in kira mana su kafin yaron ya yi barci.

Ina jin bayanta ne ke ciwo daga doguwar mota. Bencin ya fi kusa da bango, akwai wurin jingina.