Jijiyar Baffa Mamman

Inna,

Bayan gaisuwa, da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinki. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko da kina raye ma ni za ki miƙa wa in karanta miki, kina cewa in rage sauri.

Damina ta yi kyau a Wurma. Kukar bayan gidanmu ta faɗi. Baffa Mamman, ƙanen Baba, ya sauke farali, yanzu Alhaji ne. Saboda shi na ɗauki biro.

Kin tuna ranar? Kina tsakiyar takabar Baba amai da gudawa suka kayar da ke. Aka kawo ki asibitin Dutsin-Ma a bayan akori-kura, ina 'yar shekara sha huɗu. Jijiyoyinki duk sun ɓuya. Malam Bitrus, nas ɗin da ke bakin aiki, ya soki hannunki sau bakwai, ina ƙirgawa. Sai ya ce saura hanya ɗaya, a ɗage zani kaɗan ya tsaga fatar idon sawu ya nemo jijiya, ya sa ƙarin ruwa. Baffa ya ce wani ƙato ba zai ga ƙafar matar yayansa mai takaba ba, a jira nas mace. Nas mace ta tafi Kurfi rigakafi. Ta dawo bayan la'asar, ta tarar an rufe miki ido.

Idon sawu, Inna. Wanda duk garin Wurma ya gani kina zuwa rijiya. Daga baya na tambayi malamai uku, babu wanda ya ce addini ya hana.

Abin da ban taɓa faɗa ba shi ne, hannuna na kan bakin zaninki. Baffa ya harare ni, na saki zanin. Da na ɗage fa? Me zai yi da ya wuce duka?

Makon jiya aka kawo Baffa asibitinmu da cutar nan taki, ido ya faɗa, fata ta yanƙwane. Nas-nas suka lalubi hannuwansa suka rasa, sai aka kira likita. Ni ce likitar.

Muna da wata na'ura yanzu, ta hoton ciki. Ana shafa mai, a ɗora kanta a fata, abin da ke ciki ya fito a allo. A jami'a na taɓa ɗora irinta a jikina, na ga jijiya ta fito, baƙin zobe ƙarami, na fita na yi kuka. Ashe taki ma tana nan, ido ne bai kai ba.

Na'urar na ɗakin awon masu ciki, kuma ba ta ɗaguwa. Haka aka turo Alhaji ta tsakiyar mata fiye da talatin, babu hula. Suka yi masa sannu, Allah Ya raba lafiya.

Na yi masa bayani a gaban 'ya'yansa maza, cikin ladabi, cewa jijiyar da ta rage a saman cinya take, sai an cire wando, kuma ni mace ce. In ya fi so a jira likita namiji, gobe zai dawo. Ba ya iya magana. Ya kama hannuna da hannu biyu yana girgiza kai, alamar kada a jira, hawaye na shiga gemu.

Na ƙirga bakwai a raina, Inna, ban yi sauri ba. Sannan na ɗora na'urar, na ga wurin, na soka sau ɗaya.

Ya warke. Dangi na ta sa mini albarka, wai na riƙe zumunci. Ba su san gani na yi mutuwa ta yi masa sauƙi ba. So nake ya daɗe yana ɗaura tazuge yana tunawa. Jiya na je duba shi, ya juya fuska bango. Gobe ma zan je.

Kya ce in yafe. Wannan karon ba zan ji maganarki ba.

Allah Ya sada mu a inda ba a jiran kowa.

'Yarki Hajara, wadda ta saki zanin.